Marigayin da Bai Taɓa Makara da Haraji ba

Zuwa ga Malam mai kula da filin shawarwari,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙonka don girman Allah ka agaza mini da shawara, domin kwana goma sha tara kaɗai suka rage mini, kuma na rasa wanda zan buɗe wa cikina. Sau huɗu ina rubuta wannan wasiƙa ina yagawa. Idan ka ga ta yi tsawo ka yi mini afuwa, ni mutum ne da ba ya iya tsallake bayani.

Shekarata arba'in da takwas. Sana'ata gyaran keken ɗinki, muna kuma sayar da allurai da zare da man keke da ƙananan ƙarafan gyara. Shagon na mahaifina ne, shi ya yi masa rajista da sunansa, ni kuma tun ina saurayi nake gefensa. Da idonsa ya fara rauni, sai ya zama ni nake cike takardun haraji kowace shekara, in kai masa bisa teburin aiki, ya goge man keke daga yatsunsa ya sa hannu. Ban yi karatun lissafi ba. Duk abin da na sani daga wani ɗan littafi ne mai shafi goma sha shida da aka raba mana a ofishin haraji. Na yi masa bango da kwali, kuma na haddace shi kusan duka.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da Allah Ya yi wa mahaifina rasuwa. Ya cika saura kwana tara wa'adin miƙa takardu ya ƙare, fom ɗin kuwa yana cikin aljihun tebur, na riga na cike shi, sa hannu kawai yake jira. Da aka watse daga zaman makoki na buɗe littafin. Shafi na bakwai ya ce kada a bari shekara ta wuce ba a biya ba. Shafi na tara ya ce wanda aka yi rajista da sunansa shi kaɗai ne zai sa hannu. Na bi shafukan goma sha shidan nan ɗaya bayan ɗaya, babu inda aka faɗi abin da za a yi idan mai rajistar ya mutu. Sai na ɗauko tsohuwar takarda mai sa hannunsa, na gwada a bayan kwalin allura har hannuna ya faɗa, na sa. Na ce wa kaina na bana ne kawai, baɗi zan gyara.

Baɗin ta zo, na ji tsoron a tambaye ni wa ya sa hannu bara. Haka ta sake zagayowa. Yau rasit goma sha ɗaya ne jere a cikin fayil, dukkansu da sunan marigayi, babu wanda ya makara ko da yini guda, kuma Allah shaida ne ban taɓa rage abin da shago ya samu ba. A shekara ta shida har takardar yabo suka aiko masa, wai yana cikin masu biya a kan lokaci. Mahaifiyata ta sa aka yi wa takardar gilashi ta rataye a ɗakinta. Duk ambulan ɗin da ya zo da sunansa sai ta karɓa ta shafa, ta ce ko hukuma ba ta manta da shi ba. Ban san yadda zan kalli idonta in ce zan je a goge sunan ba.

To, makon shekaranjiya wata takarda ta zo. An ce ana sabunta rajista, kuma dole mai shago ya je da kansa a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa cikin kwana talatin. Tun ranar abinci ba ya yi mini daɗi. Jiya na mayar wa wani tela kekensa ban ɗaure bel ba, abin da ban taɓa yi ba a shekara talatin.

Mu uku ne a wajen mahaifinmu: ni, da ƙanwata malamar makaranta, da autanmu direban babbar mota. Ba mu raba gado ba, kuma ba mu taɓa zama a kan maganar ba. A shagon nake ci da iyalina, a ciki nake sayen maganin mahaifiya, a ciki na biya wa auta kuɗin koyon tuƙi, na kuma taimaka wa ƙanwata lokacin da mijinta ya rasa aiki. Kowane abu na rubuta shi da rana da wata, littafi tara na cika, amma ban taɓa nuna wa kowa ba, don kada a ce ina gori. Auta yana kirana Shugaban Kamfani. Duk ranar da ya leƙo sai ya zauna kan kujerar Baba ya ce a ba shi labarin ribar bana, shi ma ai yana da ƙafa ɗaya a kowane keke. Dariya yake yi, amma na san ba wasa ba ne duka. Ƙanwata kuwa ba ta taɓa cewa uffan ba, kuma shirunta ya fi firgita ni.

Da na nuna wa auta takardar, sai ya ce abu mai sauƙi. Muna da baffa, ƙanin mahaifinmu, wanda kamarsu ɗaya har giɓin haƙori. Ya ce a sa masa tabaran Baba a kai shi a ɗauki hoton, a wuce wurin. Har ya riga ya tuntuɓe shi, baffa kuma ya ce shi ba ya gudun kyamara, in dai za a ɗinka masa sabuwar riga. Ina jin kunyar faɗa maka cewa kwana biyu na yi ina juya wannan shawara a raina.

Akwai kuma mai ɗakina. Shekara biyar da suka wuce ta ba ni kuɗin da ta tara daga koyar da ɗinki, muka kama ɗakin da ke jikin shago muka zuba sababbin kekuna. Babu takarda tsakaninmu. Yanzu tana tambayata, idan aka zo rabo, nata kuɗin na marigayi ne ko nata? Ta ce ni da nake rubuta kuɗin allura guda, na kasa rubuta mata layi biyu. 

Ga inda na tsaya, Malam. Idan na je na faɗi gaskiya, ina tsoron a kama ni da laifin sa hannun wani, a rufe shago, sannan a buɗe maganar gado, auta ya ce a sayar a ba shi nasa, in tashi ba sana'a ina gab da hamsin. Idan na yi shiru, wa'adi zai cika su zo da kansu. Gaba kura, baya sayaki. Abin ya kai ga ran nan 'yata ta kawo takardar sakamakon jarrabawa, sai da na gama sa hannu na ga na Baba na sa. Ban san ya zama jikina haka ba.

Shin ɗaure ni za a yi? Shin kuɗin shekara goma sha ɗayan nan ya tafi a banza ke nan? Ta ina zan fara?

Naka cikin damuwa,
Babban Ɗan Mai Keke

*

Ya Babban Ɗan Mai Keke,

Na karanta wasiƙarka sau biyu. Kafin komai, ka bar baffa ya huta a gidansa. In ka ga dama ka ɗinka masa rigar don zumunci, amma kada ya taka ofishin nan da tabaran ɗan'uwansa. Abin da ka yi a baya kuskure ne na ɗa mai makoki da ya riƙi littafi ya rasa mai yi masa fassara. Abin da auta ya kawo kuwa yaudara ce da aka zauna aka shirya, za ta jawo dattijo cikin laifin da ba nasa ba, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ba zan shafa maka mai a baki ba. Sa hannun wani a takardar hukuma laifi ne ko da niyya mai kyau ce, kuma ba ni da ikon yi maka alkawarin ba za a ci ka tara ba. Amma ka auna da kyau. Wanda ya ɓoye don kada ya biya daban, wanda ya biya komai da sunan da bai dace ba daban, kuma wanda ya kai kansa ya fi wanda aka je aka kamo sauƙin sha'ani. Rasit goma sha ɗayan nan ba su tafi a banza ba, su ne shaidunka.

Cikin makon nan ka nemi akanta mai lasisi ko lauyan da ya san harkar haraji da gado, ka biya shi kuɗin zama ɗaya. Ka tafi da fayil ɗin, da takardar rajista, da shaidar rasuwar mahaifinku. Idan ba ku karɓi shaidar ba, nemanta ne aikinka na gobe da safe. Ka faɗa masa komai kamar yadda ka faɗa mini. Shi zai gaya maka abin da dokar wurinku ta tanada, ya taya ka rubuta wa ofishin takardar bayani, ku miƙa kafin wa'adi, ka karɓi kwafi mai hatimi. Idan maganar gado ba za ta kammala cikin kwanakin nan ba, kuma da wuya ta kammala, sai ku nemi ƙarin lokaci a rubuce. Ka fara ware wani abu daga cinikin kowace rana saboda tara, in kuma ta zo da nauyi, ka tambaya ko za a yarda ka biya kashi-kashi.

Amma ina ganin ba ofishin ne ya hana ka barci ba, zaman gida ne. Shekara goma sha ɗaya kana riƙe da dukiyar mutum huɗu, kai da mahaifiya da ƙannenka biyu, kai kaɗai ka san cikinta. Ka riƙe ta da amana, na yarda. Sai dai ka tsaya a inda auta yake: yana ganin shago ya ƙara ɗaki, ba a taɓa nuna masa lissafi ba, me kake so ya zata? Zolayarsa tambaya ce da ya rasa hanyar yi. Shirun ƙanwarka ma wataƙila kawaici ne take yi wa yayanta, kuma kawaici yana da iyaka. Nuna wa mai haƙƙi lissafi ba gori ba ne. Ka tara su kafin ka je ofis, ka ajiye littattafan tara a gabansu, kada su ji labarin a bakin wani.

A zaman nan kada ka zama kai ne mai ƙara kai ne alƙali. Ku samo masanin rabon gado da dukkanku kuka amince da shi. A tantance abin da marigayi ya bari, da abin da ya ƙaru bayansa, da ladan aikinka na shekarun nan, da abin da kowa ya riga ya karɓa. Kuɗin mai ɗakinka a fitar da shi fili tun farko, ka rubuta mata takardarta da shaidu biyu, domin gaskiya ta gaya maka. Kuma rabo ba lalle ne ya zama sayarwa ba. Za ka iya sayen kason auta a hankali bisa yarjejeniya a rubuce, ko su bar nasu a ciki a riƙa ba su riba duk shekara. Mai yiwuwa abin da zai rage maka bai kai yadda kake so ba, amma zai zama naka, babu mai zama kan kujera ya yi maka tambaya a kansa. Daga nan ka buɗe wa shago asusunsa daban, ka yanka wa kanka albashi, kuɗin cefane ya daina haɗuwa da kuɗin allura.

Mahaifiya kuwa, ita za ka fara gaya wa, kai kaɗai, cikin natsuwa. Ta fi kowa sanin ranar da mijinta ya rasu, kuma ba na jin ta taɓa zaton shi yake sa hannu. Ka tambayi akantan ko sunan Baba zai iya zama a allon shago a matsayin sunan sana'a, ko da rajista ta koma kanka. Takardar yabon nan ma ka bar mata ita a bango. Wanda ya koya maka kada ka makara ai ya cancanci rabinta.

Ɗan littafinka bai yi maka ƙarya ba, shafi goma sha shida ne kawai ba sa ɗaukar rayuwa duka. Inda ya yi shiru, mutum ake tambaya.

Abu na ƙarshe, ka samu bayan kwalin allura ka gwada sa hannunka har ya dawo maka, domin ranar da za ka je ofishin nan shi za a nema. Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya haɗa kanku, Ya sa ka fito da sauƙi fiye da yadda kake tsoro.