Ƙullin Irin Furen Inna

Zuwa ga Yaya Hauwa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Ya maigida da yara, ya zaman Fatakwal? Ƙafar taki ta yi sauƙi? Mu nan Nariya lafiya lau, sai kewa.

Yaya, na yi ɓarna. Ranar da muke rabon kayan Inna, na tsinci ƙullin irin furen nan nata mai hawa danga a bakin tsohon zanenta. Na adana shi har damina. Da aka yi ruwan farko, zumuɗi ya ɗebe ni, na shuka shi duka a gindin danga. Na manta ita ba ta shuka sai ta tona ƙasa da hannu ta ji laima ta kai wuyan hannunta. Ya tsiro gwanin sha'awa, sai ruwa ya ɗauke kwana goma sha biyu, ni kuma ina Rano ina jinyar surukata. Na dawo na tarar duk sun ƙone, saura ɗaya.

Wannan ɗayan na kafa masa kara, ya bi ya haye har ƙofar ɗakinta. Jiya da safe ya buɗe fure shuɗi. Ban san lokacin da na ce, “Inna, fito ki gani,” ba.

Ki taya ni addu'a ya yi iri, in raba mana. Ki gaida su Abba. Allah Ya jiƙan Inna.

Ƙanwarki,
Balaraba