Tayar Gaban Keken Bashiru

Daren Lahadi, Nima

Tun ranar da aka dawo da mijina Bashiru daga tafkin Bosomtwe da karyayyar kafaɗa, kekensa ɗaure a kan motar haya ta trotro, ƙarar sarƙar keken ba ta bar kunnena ba. Da ya soma warkewa, na cire tayar gaba na kai ɗakin Mma, mahaifiyata, a unguwar Maamobi, na ce masa ta lalace. Bai yi musu ba, sai dai ya daina fara'a.

A littattafan da nake karantawa, miji yakan warke a babin ƙarshe. Nawa kuwa ƙafafunsa tuƙi suke yi cikin barci.

Yau abokan hawansa suka zo tambayar hanyar tafkin. Ya tashi zaune yana zana musu da yatsa a tabarma: "Chale, abokaina, ku bi ta Kuntanase. Amma a gangaren nan kada ku danne birkin gaba, ni na gwada muku!" Ya yi dariya. Ashe har na manta yana da wushirya.

Da suka tafi, ya daɗe yana kallon keken a jingine.

Har yanzu tsoro nake ji. Gobe zan je Maamobi in ɗauko tayar.