Ranar da Suka Ƙyasta Mini Yatsu

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Ya jikin Baba, ya yara? Ni lafiyata lau. Aikin wankin asibiti sai godiya, tsayuwa ce kawai ke taɓa mini gwiwa, ɗakina kuma ya cika shiru. Kada Baba ya ji wannan.

Yaya, albishirinka! Ɗakin karatun unguwarmu ya shirya zaman waƙa, inda ake haɗa mai rubutawa da mai faɗa da ka. Aka haɗa ni da wata ɗaliba mai zaƙin baki. Ina zaune ina karanta baitocin da na yi wa marigayiya Inna, ita kuwa tana tsaye tana amsa kowanne, ba takarda a hannunta. Can sai na ji jama'a suna ƙyasta yatsu. Na dakatar da karatun, na zaci na yi abin kunya. Yarinyar ta sunkuyo ta ce, "Gwaggo, tafinsu ke nan fa, ci gaba!" Tun zuwana garin nan muryata ba ta taɓa fita haka ba.

Daɗin da na ji shi ke damuna. Na yi ta istigfari, amma na kasa gane ko don Inna nake jin daɗin ko don kaina. Sun sake gayyatata. In ka ga riya ce, ka faɗa, zan bari. Sai dai ka hanzarta amsa, domin na riga na fara sabon baiti.

Allah ya ƙara wa Baba lafiya.

Ƙanwarka