Kaka Ta Zaɓi Ƙafar Mijina

Anti Kaliyopi, don Allah ki agaza mini kafin sabuwar shekara ta shigo. Murna na neman kashe ni, mijina kuma na neman ɓata mini ita.

Mun zo hutun Kirsimeti gidan kakata, a ƙauyenmu da ke kan dutse, saman garin Metsovo. Wayyo Anti! Dusar ƙanƙara har gwiwa, murhu ba ya mutuwa, ni kuwa tun da na sauka bakina bai huta ba. Ga kabeji naɗe da nama, ga cuku mai ƙamshin hayaƙi, ga cincin ɗin melomakarona ya sha zuma har yana ɗiga. Siket ɗina ya daina rufuwa, ko a jikina. Da yaran unguwa suka zo waƙar Kirsimeti, bin su na yi da rerawa kamar ba matar aure ba.

To ga maganar. Mijina Lefteris mutumin tsibirin Kirit ne, kuma tun aurenmu Kaka ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ɗan tsibirin nan. Jiya muna murza ƙullu ni da ita, kawai ta ce bana Lefteris take so ya fara sa ƙafa a gidanta da safiyar sabuwar shekara, ya shigo da ƙafar dama, ya fasa rumman a bakin ƙofa. Da sunansa fa ta faɗa! Sai da na yi ihu. A al'adarmu, sa'ar gida ta shekara tana ƙafar wanda ya fara shigowa ne. Shekara da shekaru Argiris, ɗan kawuna, shi ke yi.

Da na kai wa gogan albishir, sai ya ce a kai kasuwa. Kaka ta haura tasa'in, zuciyarta kuma ba lafiya. Ya ce in wani abu ya same ta bana, har abada dangina za su ce ƙafarsa ce. Kuma ba ƙarya ya yi ba. Wani maƙwabci da ya fara shigo wa kawuna gida shekarar da cuta ta cinye garkensu, har gobe matar kawun tana ce masa mai ƙafar akuya. Yanzu so yake ya yi ƙaryar mura. In ya ƙi, da wane ido zan kalli Kaka?

Wadda Siket Ya Matse, Metsovo.

'Yata, na taya ki murna, kuma ki ci gaba da cin abinki, siket ai ana buɗa shi.

Kada ki raina tsoron mijinki. Baƙo ne a gidan, kuma bakin ƙauye ba ya mantuwa. Amma batun mura ya ajiye shi, tsohuwa za ta gane, kuma ba za ta sake tayi ba.

Ki roƙi Kaka ta maimaita zancen da bakinta a kan tebur, gaban kowa, musamman matar kawun nan. In kowa ya ji ita ta zaɓa, mai surutu da ita zai yi. Argiris kuma kada a bar shi a gefe, Lefteris ya je da kansa ya ce ya koya masa. A samo rumman nunanne, ya buga da ƙarfi 'ya'yan su watsu ko'ina.

Sannan ki gaya wa mijinki wannan. Kakarki ta fi shi sanin shekarunta da ciwonta. Ba ta ɗora masa tsaron ranta ba. So take dangi su ga ta karɓe shi tun tana nan, don kada bayanta wani ya sake ce masa ɗan tsibiri. Bana take da ita a hannu, baɗi kuwa babu wanda ya yi mata alkawari.

Allah Ya ƙara wa Kaka lafiya, Ya sa ku shiga shekarar da ƙafar dama.

Anti Kaliyopi