Jan Layi a Bangon Zaure

Litinin, 5 ga Agusta 2024
Yau injiniyan meri, wato hukumar gari, wani Rachidi, ya zo da hular kwanonshi da gwangwanin penti, ya ja jan layi a bangon zaurenmu. Wai kaniwo, magudanar ruwa, za ta bi ta nan, sai an rushe zauren. Zauren da Baba ya gina da hannunshi. Yaron jiya, ko sallamar kirki bai iya ba. Na ce ya ɓace min da gani.

Talata, 6 ga Agusta
Na kankare layin da wuƙar yankan albasa. Su zo su kama ni.

Juma'a, 9 ga Agusta
Husna ta ishe ni. Ɗiyata 'yar shekara shida, ta kife ƙwarya bisa kai tana auna tsakar gida da igiyar shanya, wai ita injiniya ce. Na ce mi injiniya ke yi? Ta ce, "Shi ke ce ma ruwa tsaya nan. In ya ja layi, ruwa ba ya wucewa." Ashe yaran unguwa sun gan shi yana sa alama jikin masallaci, daidai inda ambaliyar bara ta tsaya, sai sunka juya zancen. Mai rushe gidan mutane ya zama waliyyi ke nan. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Laraba, 14 ga Agusta
Injiniyan ya gaishe ni bakin kasuwa. Ban amsa ba.
Matata Safiyatu ta ce in tuna bara bisa kai na fidda Husna daga ɗaki, kuma har yau in hadari ya taso yarinyar ba ta cin abinci. Na ce ta bar ni. Mace da ɗiya duk sun koma bayan bare.

Asabar, 24 ga Agusta
Ruwa tun hantsi. Gulbi ya cika, ruwan unguwa ya rasa hanyar fita, ya dawo muna. Husna ta ɗauki tumatirin gwangwani na uwarta ta ja layi a dokin ƙofar ɗaki, ta tsuguna tana tsaronshi. Ruwa ya haye, ya jiƙa tabarmi da katifa. Ba ta yi kuka ba, da ma kukan ta yi. Ta dube ni kawai ta ce, "Baba, kai ka goge na gasken."
Ƙarya ce ta yara, na sani. Amma ta inda kaniwon za ta bi ruwan ya taru.

Talata, 27 ga Agusta
Har yanzu ba na son mutumin nan.
Na kwashe buzun Baba da butarshi daga zaure, saboda danshi ne kawai. Layin ya koma bango. Husna ta tsaya ta daɗe tana kallonshi, ta ce ya karkace, injiniyan bai iya ba yau. Na ɓoye hannuna cikin aljihu, pentin bai fita ba.