Sun Shafa Wa Kekenka Fenti

Zuwa ga Yayana Sabi'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ƙani ga wansa, ina fatan rahamar Allah tana kai maka ziyara inda kake kwance. Na san wasiƙa ba ta shiga kabari, amma raina a ɓace yake, kuma kai na saba kawo wa ƙara.

Maganar kekenka ce, Yaya.

Tun da ka faɗo daga motar gyaɗa a hanyar Gaya bayanka ya taɓu, zaman sirdi ya gagare ka. Gonarka tana Toranke, kai kana Ajingi, kullum sai ka roƙi mai babur. Ka ce ba ƙafarka ce ta mutu ba, don haka za ka ƙera keken da ake tuƙawa a kishingiɗe, feda a gaba, baya a jingine.

Muka yanka tsofaffin kekuna biyu da zarto, muka kwance gadon ƙarfen Inna don samun dogon bututu. Kai ka zauna a ƙasa ka jingina da buhun dawa, ni na auna tsawon ƙafarka da igiya. Waldar farko ta karkace, tayar baya tana kallon gabas. Ka sa na fasa. "Sake, Auwalu," ka ce, "bayana zan ɗora a kai."

Ka tuna abin da masu wucewa suke faɗa? Wai makara kake haɗa wa kanka. Baffa Hudu, ƙanin mahaifinmu, a gaban jama'a ya ce ciwon ya hau maka kai. Ka yi murmushi kawai, ni kuwa har yau ban huce ba.

Firam ɗin keken ya tsaya daram, saura sarƙa da birki, sai zazzaɓi ya kwantar da kai. Ko sau ɗaya ba ka hau shi ba.

Bayan sadakar arba'in na ƙarasa shi. Na haɗa sarƙoƙi uku kafin ta kai, na saƙa wurin zama da igiyar roba. Yana tafiya, Yaya. Wallahi yana tafiya lafiya lau.

To, ranar kasuwa ina gona, Baffa Hudu ya shiga gida ya ce wa Inna aronsa zai yi. Ashe wajen taron wani mai neman kansila ya kai shi. Da na isa, na tarar sun shafe shi da fentin jam'iyya, sun ɗora shi a kan tebur, an liƙa hoton mutumin a majinginar da ka auna da bayanka. Mai lasifika yana ta ihu wai Honorabul ne ya sa matasansa suka ƙirƙiro shi don tausayin naƙasassu. Baffa yana gefe yana tafi. Waɗanda suka kira shi makara su ne suke turereniyar ɗaukar hoto.

Ko sunanka ba su ambata ba!

Na ratsa taron, na sauke shi daga tebur. Baffa ya riƙe min riga yana cewa, "Kai Auwalu, kada ka kunyata ni." Na ce, "Baffa, ka yi haƙuri, wannan na Yaya Sabi'u ne, kuma kowa a nan ya sani." Na kishingiɗa a kai na taka feda. Na yi gida na bar su a nan.

Baffa ya daina amsa gaisuwata. Inna ta ce in je in ba shi haƙuri, kuma zan je, don ita. Amma keken ba zai sake barin hannuna ba. Na kankare fentin da kananzir, sai a lungun walda ne ya ƙi fita.

Abu ɗaya ya sanyaya min rai. Shekaranjiya wani dattijo daga Gafasa ya zo a amalanke, ɗansa yana jan shanun. Ƙugunsa ne ya lalace. Ya ce ya ga keken a taron, ya tambaya aka faɗa masa gaskiyar mai shi. Ya shafa firam ɗin ya yi maka addu'a da sunanka, sannan ya ce ko za a yi masa irinsa. Na zaunar da shi a ƙasa na auna shi. Hannuna bai kai naka ba, amma zan gwada.

Allah ya jiƙanka, Yaya. Ya yalwata kabarinka, ya tashe ka da lafiyayyen baya.

Ƙaninka da ke kewarka,
Auwalu