Ni Ma Ina Son Zama a Kujerar da Na Haɗa

Zuwa ga Shugaban kamfaninmu na kujeru da gadaje,
Rayfield, Jos.

Yallaɓai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali, ina kuma fatan ciwon gwiwar nan ya yi sauƙi.

Ni ne Sabi'u, mai kula da rumfar aikinmu ta Katako, wanda makullan rumfar suke aljihunsa fiye da shekara goma. Na san za ka ce me ya hana ni in hau bene in same ka a ofis. Na hau, Yallaɓai, har na gaji da hawa. Duk zuwan da na yi sai ka yi dariya, ka dafa kafaɗata, ka ce, “Sabi'u ke nan, ginshiƙin gida,” ka sa a kawo min shayi. Sai na sauko na kai bakin titi nake tuna cewa ba a ba ni amsa ba. Shi ya sa wannan karon na rubuta, na liƙa a allon sanarwa na Katako da na Rayfield, inda babu kafaɗar da za a dafa.

Maganar kwas ɗin manajoji ce. Tun da ka ɗauko masu horarwa suka fara koyar da shugabannin sassa a otal ɗin nan na Rayfield, rukuni biyu sun je sun dawo, ban shiga ko ɗaya ba. Yanzu an fitar da rukuni na uku, wanda aka ce shi ne na ƙarshe, nan ma babu ni. Kai kuma da bakinka ka sanar cewa manajan sabon reshen Bukuru daga cikin waɗanda suka yi kwas za a zaɓe shi. Ke nan idan wannan ya wuce ni, Bukuru ta wuce ni, ni kuma shekaruna ba na jiran wani reshe ba ne.

Bari in faɗa kafin a faɗa a bayan idona: kishi nake yi. Kishin Luka nake yi, shugaban sashen kai kaya, kuma kishin yana cina har abinci ba ya min daɗi. Sai dai nan Jos ce, na san halinmu. Kada wani ya ɗauki wasiƙar nan ya kai ta masallaci ko coci. Luka abokina ne, shekara ɗaya aka ɗauke mu aiki, kwano ɗaya muke shan gwate da rana, matarsa ce ta yi jinyar matata lokacin haihuwar autarmu. Ba na so a ƙwace masa komai. Ƙorafina a kanka yake, Yallaɓai, ga shi kuma dalla-dalla.

Na farko, ina so a tuna yadda aka yi Luka ya samu sararin zuwa kwas. Farkon kama aikinsa sashensa ba ya sati ba a yi kwamacala ba. Ba ka manta gadon amaryar da aka sauke a wani gida a Rikkos ba, alhali gidan bikin yana Bukuru, har dangin amarya suka cika ofishinka. Me ka yi? Ka ba shi mataimaki. Da abin ya sake faruwa ka ƙara masa wani, daga baya aka haɗa masa da akawu. Yau Luka zai iya barin sashensa sati guda babu abin da zai motsa. Ni kuwa ban taɓa sa kowa ya cika maka ofis ba. Ni ke zaɓen katako a kasuwa, ni ke raba wa kafintoci aiki, ni ke duba fenti da ɗinkin kushin, ni ke rabon faɗa, ni ke rufe ƙofa. Da na roƙi mataimaki sai ka ce, “Kai ai kamar mutum uku ne, me za ka yi da mataimaki?” Na koma Katako ina jin daɗin yabon. Ashe a kamfanin nan wanda ya gaza shi ake tallafa wa har ya zama manaja, wanda ya iya kuma a ƙara masa kaya.

Na biyu, uzurin da ake ba ni. Rukunin farko ya faɗo bayan Sallah, aka ce kayan ɗakin amare sun yi yawa, ba a iya sakin Sabi'u. Na biyu ya faɗo gab da Kirsimeti, aka ce coci-coci sun ba da aikin benci, ga bukukuwan Disamba, ba a iya sakin Sabi'u. Yanzu kuma an ce akwai kwangilar wata makaranta. Yallaɓai, a garin da Musulmi ke aure Kirista ma ke aure, wane wata ne rumfar kafinta za ta zauna babu aiki? Idan sai ranar da zarto ya yi shiru za a tura ni, to ranar rufe kamfani ake nufi. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, makon da Luka ya tafi nasa kwas ɗin, wayar sashensa ni aka miƙa wa, wai ko mataimakansa za su buƙaci babba. Ina tsaye cikin garin katako har gashin ido ina amsa kiran direbobinsa, shi yana can ana koya masa yadda ake sauraron ma'aikata.

Na uku shi ne wanda ya sa na ɗauki biro. Masu horarwar sun ce duk wanda ya gama kwas a ba shi wani ma'aikaci da zai riƙa yi wa jagora, ya zama abin da suke kira koci. Aka duba duk kamfanin nan aka ba Luka ni. Duk Alhamis yanzu sai ya zo Katako da kwat a jikinsa, ya kaɗe benci da hankici, ya zauna ya karkata kai gefe guda kamar likita. Makon jiya ya ce min, “Oga Sabi'u, ina kake ganin kanka nan da shekara biyar?”

Na ce, “A nan, da makulli a aljihu, in dai Yallaɓai bai daina yabona ba.”

Bai yi dariya ba. An koya musu kada su yi dariya. Ya ce, “Matsalarka ɗaya ne, ba ka sakin aiki ma mutane. Shugaba na kirki, ko ba ya nan aiki yana tafiya.”

Na ce, “Luka, ara min mataimakinka ɗaya, ka ga sakin aiki.”

Sai ya ce wannan ba huruminsa ba ne, shi nasa tambaya ne kawai, amsa tana cikina. Yallaɓai, na duba cikina, ban ga mataimaki ba. Abin haushin kuma shi ne maganarsa gaskiya ce, kuma kwas ɗin yana da amfani. Na ga yadda Luka ya canza. Da can ihu yake wa direbobi, yanzu zama yake da su ran Litinin su tsara mako, kaya sun daina ɓata hanya. Da kwas ɗin shirme ne da ban damu ba. Ina ganin abu mai kyau ana raba wa na kusa da ni, ni kuma ana aiko min da ragowarsa ran Alhamis a bakin abokina. Ko gwaten ma mun daina sha tare, don ban san ko da abokina nake zaune ba ko da kocina.

Akwai wani ƙaramin abu da ban so in saka ba, amma zan saka. Ranar da aka raba wa su Luka takardar shaidar gama kwas, an turo hoto a zauren ma'aikata na waya. Matata ta karɓi wayar tana kallo, ta ce, “Kai kana ina?” Na ce ina wurin aiki. Ta ce, “Su kuma wasa suke?” Na karɓi wayata zan kashe, sai idona ya faɗa kan kujerun da suke zaune a kai. Namu ne, Yallaɓai. Kujerun ɗakin taron otal ɗin nan a rumfata aka haɗa su. Ni na zaɓi katakonsu, ni na jijjiga ƙafafunsu ɗaya bayan ɗaya kafin a loda su a mota. Na daɗe ina kallon hoton nan.

Don haka ga roƙona. A sa sunana a rukuni na uku. A naɗa Malam Dauda, babban kafintanmu, mataimakina a rubuce, ba da baki ba. Batun Bukuru kuma ban ce a ba ni ba, cewa na yi a bar ni in tsaya a layi tare da sauran. Idan an gwada mu Luka ya fi ni, zan je in taya shi murna, ko da zuciyata tana tafasa.

Ina kuma sanar da kai tun yanzu don kada a ce na yi ba zata. Ranar da rukuni na uku zai fara, zan buɗe rumfa kamar kullum, in danƙa wa Malam Dauda makullai, in hau keke-napep zuwa Rayfield. Idan sunana yana ciki, in shiga. Idan babu, in zauna a bakin ƙofar otal har a tashi. Ko ta yaya Katako za ta wuni babu ni. Idan aiki ya tafi daidai, to babu sauran dalilin riƙe ni. Idan kuma ya tsaya cak, to ka ga da idonka wanda ya fi kowa buƙatar a koya masa raba aiki, da kuma wanda ya hana a koya masa.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya albarkaci reshen Bukuru ko wa aka ba, ya sa ka gama da duniya lafiya. Ba na neman shayi, Yallaɓai, ba na kuma neman a sake ce min ginshiƙi. A kujerun nan akwai ɗaya a layin baya, ta kusa da taga, wadda na sa aka sake wa ƙafa kafin ta fita daga hannuna. Na san ba ta girgiɗi. A bar min ita.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Sabi'u,
Rumfar aiki, Katako.